Shekara tara ina aikin da raina baya so, in na canza hanya na gaza kenan?

Tambayarka ta ɗan yi tsawo dan haka bari in taƙaita ta. Kace shekararka 36, akantanci ka karanta, shekara tara kenan kana aiki a fannin, albashi ba laifi har an ƙara maka girma sau biyu, amma duk daren Lahadi sai kaji ƙirjinka yayi nauyi in ka tuna gobe aiki. Koyarwa kake so tun kana makaranta, sai dai kana tsoron ace baka da haƙuri ko baka gode wa Allah ba, ga iyali, ga shekarun da ka zuba. Shine kake tambaya ko canza hanya a wannan shekarun gazawa ce.

Toh ɗan'uwa na kusa shekara ashirin ina zama da mutane akan irin wannan maganar, aikina kenan ba da shawara kan aiki da sana'a, kuma zan faɗa maka gaskiya ba zan ce maka ajiye ba, ba kuma zan ce zauna ba, dan daga saƙo ɗaya babu wanda zai iya yanke maka wannan hukuncin, duk wanda ya yanke ma yaudararka yayi. Abinda zan iya shine in nuna maka inda mutane suke ruɗewa da yadda ake gane gaskiyar lamarin kafin a yi tsalle.

Ka fara tambayar kanka waye ya zaɓi akantancin nan. Yaro ne ɗan shekara 18 ko 19, bai taɓa zama a ofis ba, bai san me ake nufi da rufe lissafin ƙarshen wata ba, bai yi aure ba bai san kansa ba. Shi ya yanke hukunci kai kuma kake ta biya. A 2013 wasu masana halayyar ɗan adam su uku, cikinsu har da Daniel Gilbert na jami'ar Harvard, suka tambayi mutane sama da 19,000 masu shekara 18 zuwa 68, wasu aka ce su faɗi yadda suka canza a shekara goma da suka wuce, wasu kuma yadda suke ganin zasu canza a shekara goma masu zuwa. Kusan kowane rukuni amsa ɗaya, a baya kam na canza sosai, amma yanzu na gama zama ni, ɗan abinda ya rage kaɗan ne. Ɗan 20 haka yace, ɗan 50 ma haka yace, alhali ɗan 30 da aka tambaya ya canza fiye da yadda ɗan 20 ya zata nesa ba kusa ba. Kaga kenan in abinda kake so yau ya bambanta da na wancan yaron ba wani ciwo bane a jikinka, haka mutum yake. Kuma ka riƙe wannan da kyau dan kaifi biyu gareshi, kai ma na yanzu ba kaine na ƙarshe ba, koyarwar da kake mutuwar so wataƙila ɗan 46 ɗin da zaka zama shima yana da tasa maganar.

Maganar shekara tara kuwa, nan ne na fi ganin mutane suna maƙalewa. Na zuba da yawa, ba zan bari ya tafi a banza ba. Ƙasashe ma sun faɗa wannan ramin ballantana ni da kai. A 1962 Ingila da Faransa suka sa hannu zasu ƙera jirgin sama mai gudun da ya fi na sauti, Concorde. Tun aikin bai yi nisa ba kuɗin ya ninninka abinda aka tsara, kamfanonin da suka nuna sha'awar saye suka dinga janyewa, lissafi ya nuna ƙarara kuɗin ƙera shi ba zai dawo ba, amma akai ta zubawa saboda an riga an zuba, ga kuma kunyar duniya. Guda 20 kacal aka ƙera, 14 ne suka ɗauki fasinja, a 2003 aka ajiye su gaba ɗaya. Har yau masana tattalin arziki da sunan jirgin nan suke ba da misalin wannan kuskuren. Kai akanta ne ka fi ni sanin ƙa'idar, kuɗin da ya riga ya fita ba a saka shi cikin lissafin me za'a yi gobe, dan ko an tsaya ko an ci gaba ba zai dawo ba. Abin dariya kullum kana faɗa wa kamfani haka amma da ya zo kan rayuwarka sai lissafin ya ɓace. Shekara taran nan sun tafi ko ka zauna ko ka tashi. Wanda ke hannunka shine shekara ashirin da wani abu da suka rage maka na aiki in Allah ya ba da rai, su ne abin tambaya. Dan haka tambayar da nake yi wa kowa ita ce, da ace yau ne zaka fara da saninka na yanzu, aka ajiye maka wannan kujerar a gabanka, zaka nema? In amsar ta fito da sauri ka lura da ita.

Kuma ba gaskiya bane cewa sun tafi a banza. Charles Darwin, shahararren masanin halittun nan na Ingila, ko ka yarda da ra'ayinsa ko baka yarda ba misali kawai nake, babansa ya tura shi Edinburgh a 1825 ya karanci likitanci, ya kasa jure kallon tiyata dan a lokacin ba allurar kashe zafi, bayan shekara biyu ya bari, aka mayar da shi Cambridge dan ya zama limamin coci, nan ma bai yi ba, a 1831 ya hau jirgin ruwa yayi shekara biyar yana zagaya duniya yana tara halittu. A Edinburgh ɗin da ake ganin ya ɓata lokaci ne ya koyi yadda ake busar da gawar tsuntsu a adana ta, a hannun wani baƙar fata ƴantaccen bawa mai suna John Edmonstone, kuma da wannan sana'ar yayi aiki a tafiyar. Kai ma in ka shiga aji ba hannu rabbana zaka shiga ba, malamin da ya taɓa riƙe littafin kamfani na gaske ya ga yadda ake ɓoye ɓarna a cikin lambobi, ɗalibi yana jin bambancinsa da wanda a takarda kawai ya sani. Amma bari in ja maka kunne akan irin labaran nan har da wanda na baka yanzu, waɗanda suka dace kawai ake ba da labarinsu, wanda ya ajiye aiki ya shiga uku ba mai kiransa ya hau mumbari.

Shi yasa na fi son wani gwaji da Steven Levitt, masanin tattalin arziki a jami'ar Chicago, yayi. A 2013 ya buɗe shafi a intanet, duk wanda ya rasa yadda zai yi tsakanin canzawa da zama sai ya zo a jefa masa kwabo, in ya faɗi ta nan ka canza in ta can ka zauna. An jefa sama da 20,000. Ba kowa ya bi kwabon ba amma da yawa sun bi, kuma da aka waiwaye su bayan wata shida, a manyan al'amura irin ajiye aiki, waɗanda suka canza sun fi faɗin cewa suna cikin farin ciki akan waɗanda suka zauna. Ka lura fa mutanen nan dama suna kan katanga ne, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ba wai an tsinto masu jin daɗin aikinsu aka ce su bari ba. Abinda ni nake ɗauka a ciki shine in mutum ya kai matsayin da yake jin hamsin hamsin ne, to a zahiri ba hamsin hamsin bane, tsoro ya riga ya danna sikelin ta ɓangaren zama. Wasu masana halayyar ɗan adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, tun 1979 suke nuna cewa zafin rashi ya fi daɗin samu a zuciyar mutum, daga baya ma suka ƙiyasta ya kai kusan ninki biyu. Albashin da zaka rasa kana ganinsa ƙuru ƙuru har da lambobinsa, abinda zaka samu kuwa hazo ne.

Yanzu ɗaya gefen, kuma nan nake so ka fi natsuwa dan nasan har zuwa nan kana ta gyaɗa kai. Ba kowane nauyin ƙirji ne ke nufin hanyar ce ba daidai ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa zuwa wajena, ta zauna ko jakarta bata ajiye ba tace ita ta gama da asibiti har abada, ta ma rubuta takardar ajiye aiki tana cikin jakar. Nace toh naji, amma kafin ki miƙa ki min abu ɗaya, sati uku duk ranar da kika tashi aiki ki rubuta layi biyu, wane lokaci ne yau kika ji ranki ya sake, wane lokaci kika ji kamar ki gudu. Ta dawo da wani ɗan littafi duk ya yamutse, muka baje shi akan tebur muna bi ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta rubuta naji daɗi tana gefen gadon mara lafiya ne, wani tsoho da ta lallaɓa ya sha magani, wata yarinya da ta daina kuka da ta ganta. Duk inda ta rubuta kamar in mutu kuwa ko dai aikin dare ne na uku a jere ko kuma shugabar sashensu ce ta tsawatar mata a gaban mutane. Tayi shiru ta daɗe tana kallon littafin sannan tace ashe ba jinyar na tsana ba. Wurin aiki ta canza ba sana'a ba, kuma har yanzu tana jinya. Da ta miƙa takardar nan ta koma wani fannin da an gudu ba a tsira ba, dan abinda take so ɗin ne zata bari a baya.

Dan haka kai ma ka rarrabe, gajiya ce, ko wurin ne da mutanen cikinsa, ko aikin kansa. Gajiya hutu na warkar da ita, in ka ɗauki hutun sati biyu na gaske wanda ba a kiranka a waya ka dawo kaji dama dama to jikinka ne ke ƙorafi. Wuri kuwa in ka hango kanka kana wannan aikin dai a wani kamfani da wani oga mai mutunci kaji zuciyarka tayi sanyi, to CV zaka gyara ba rayuwa ba. Amma in ka kalli wanda ya fi kowa nasara a fanninku, wanda kowa ke fatan zama kamarsa, kaji ko kyauta aka baka kujerarsa baka so, wannan babbar alama ce, ruwa baya tsami banza. Akwai na huɗu da ba zan tsallake ba, in ba aikin kaɗai ya fita ranka ba, barci ya lalace, hira da abokai ta daina daɗi, har wasa da yaranka ya zama nauyi kuma abin ya haura sati biyu a jere, to ka fara ganin likita tukunna, ciwon damuwa yakan sa rigar na tsani aikina ya zo, kuma sabon aiki baya maganinsa.

Sannan kada ka ɗora wa koyarwa kayan da ba zata iya ɗauka ba. Zuciya tana sabawa da komai. A 1978 wani masanin halayyar ɗan adam, Philip Brickman, da abokan aikinsa suka tattauna da mutum 22 da suka ci manyan kuɗi a caca, aka tarar farin cikinsu bai wani zarce na sauran mutane ba, ƙananan abubuwan yau da kullum ma sun rage musu armashi. Gwajin ƙarami ne amma abinda ya nuna kowa ya taɓa ji a jikinsa, ka tuna ranar da aka ƙara maka girma na farko, kwana nawa murnar tayi? Koyarwa ma tana da nata daren Lahadin. Akwai tarin takardun jarrabawa da zaka yi maki har idonka yayi ja, akwai maimaita darasi ɗaya shekara da shekaru, akwai ajin da zaka zage kayi bayani ka juyo ka ga rabinsu suna danna waya, kuma a wurare da yawa kuɗin bai kai na inda kake ba. Abinda ya kamata ka auna shine wace wahalar ce zaka iya ɗauka ranka bai mutu ba, dan kowace hanya da tata.

Wannan kuwa ba a gane shi a kwance ana kallon silin. Herminia Ibarra, farfesa ce da ta daɗe tana bin diddigin mutanen da suka canza sana'a a tsakiyar rayuwa, abinda ta gano shine galibinsu ba zama sukai suka gama tunani sannan suka tashi ba, ƙananan gwaje gwaje suka dinga yi a gefe suna shiga cikin sababbin mutane har hoton ya fito. Nima abinda na gani kenan shekara da shekaru. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka nemi aji na yamma ko na ƙarshen mako, ko masu shirin jarrabawar ƙwararrun akantoci, ko ma sababbin ma'aikata a ofishinku kace kai zaka dinga horar da su, kayi wata uku zuwa shida ba fashi, har da ranar da ka gaji, har da makin takardu. Ka samu malamai biyu ko uku da suka haura shekara goma a aikin ka tambaye su me suka fi tsana a ciki, kada ka tambayi me suke so wannan kowa zai maka waƙa. In bayan wata shida kana fitowa daga ajin a gajiye amma ranka fes, ka samu amsa. In kuma ɗokin ya mutu a wata na biyu, ka samu amsa ita ma, kuma da araha, aikinka na nan ba ka saki reshe ka kama ganye ba. Wani lokacin ma a nan maganar ke ƙarewa, na san waɗanda suka tsaya a haka, aiki da rana aji biyu a sati, kuma nauyin ƙirjin ya tafi. Ba dole sai an rushe gida ake buɗe taga ba.

In kuma gwajin ya nuna tafiya ce, to ka sa wa kanka lokacin juyawa tun kafin ka tashi. Masu hawan dutsen Everest suna da wannan ƙa'idar, tun suna ƙasa hankalinsu kwance ake yanke cewa in lokaci kaza yayi baka kai ƙololuwa ba ka juyo ko saura taku kaɗan, dan a can sama iska tayi ƙaranci ƙwaƙwalwa bata yanke hukunci daidai. Ranar 10 ga Mayun 1996 lokacin juyawar tawagar Rob Hall, wani jagoran masu hawan dutsen, bai wuce ƙarfe 2 na rana ba. Mutum uku cikin tawagar suka duba agogo tun kafin azahar suka ga ba zasu kai ba suka juya, sun kashe kuɗi sun sha wahalar makonni amma suka juya, kuma sun koma gida da ransu. Shi Hall da wani da yake jagoranta sai wajen ƙarfe 4 suna saman, guguwa ta rufe, basu sauko ba. Mutum takwas suka rasu a wannan guguwar. Kai ma ka rubuta a takarda da kwanan wata, in zuwa lokaci kaza kuɗin shigata bai kai kaza ba ko ajiyata ta sauko zuwa kaza zan koma neman aikin akanta, ka ba wani da baya jin kunyarka ya riƙe maka. Dan wallahi sabuwar hanyar ma tana iya zama Concorde ɗinka, har ta fi tsohuwar haɗari saboda yanzu da bakinka ka faɗa wa kowa. Kuma kada ka bar lasisinka na aiki ya mutu, kada ka fita da faɗa, ƙofar da ka fita ta ita wataƙila ka sake ƙwanƙwasa ta. Haka in zama ka zaɓa shima ka sa masa wa'adi, bari in ƙara shekara ɗaya in gani shi ya mayar da mutane da yawa ƴan shekara 55 masu da na sani.

Iyali kuwa ba ƙaramin abu bane kuma banson masu cewa bi zuciyarka kawai kamar iska yaran zasu ci. Imamu Gazali a 1095 yana kan kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza, makarantar Nizamiyya, ɗalibai kusan 300 a gabansa ga kusanci da masu mulki, wata shida yana kai kawo a zuciyarsa yau yace zai tafi gobe ya fasa har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. Ya tafi ɗin, ya nufi Sham, amma sai da ya tanadar wa iyalinsa abinda zai riƙe su. Kuma bayan kamar shekara goma sha ɗaya ya sake komawa koyarwa a Naisabur, kaga shima bai ɗauki komawa abin kunya ba. Ka zauna da maiɗakinka tun yanzu, tun abin yana shawara, ba sai ka gama yankewa ka zo kana sanar da ita ba, ka buɗe mata lissafin gaba ɗaya tunda lissafi aikinka ne, nawa ke shigowa nawa zai ragu me za'a rage na tsawon wane lokaci. Abinda aka saba ba da shawara shine ajiyar da zata riƙe gida wata shida ba albashi, ni mai yara nakan ce ya ƙara akan haka, in akwai bashi mai nauyi kuma a fara sauke shi.

Batun haƙuri da godiya da ka kawo, na fahimce ka dan shi ya fi ci wa mutane rai. Mai haƙuri yakan dafa dutse gaskiya ne, amma in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, duka biyun magabata ne suka faɗa. Godiya akan abinda ke hannunka bata hana neman wanda ya fi dacewa da kai, kuma gwaji na wata shida a gefen aiki da tara ajiya da jiran lokaci ai shima haƙuri ne, wanda ya fi na zama ana gunaguni wuya ma. Wani masani a Kanada mai suna Carsten Wrosch ya daɗe yana bincike akan masu iya sakin burin da ya ƙi cimmuwa su kama wani, a wani aiki da suka fitar a 2007 sun bi ƴan mata 90 tsawon shekara guda, waɗanda suka kasa sakin irin wannan burin aka ga alamar kumburi tana ƙaruwa a jininsu. Jiki magayi. Su kuma mutane da kake tsoron bakinsu zasu yi magana kam, sati biyu ko uku, sai wani abin ya taso su koma kansa, ba wanda zai zo ya ɗauke maka daren Lahadi ɗaya a cikinsu.

Ka fara da littafin nan na layi biyu daga gobe, sati uku, kuma cikin watan nan ka nemo ajin da zaka gwada. In ka yi wata uku ka dawo ka faɗa min abu biyu, yadda daren Lahadin yake, da yadda kake ji a daren da washegari zaka shiga aji. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.